DAMBEN CIKIN RUWA: INA RUWAN MUTANEN SHANONO?

Daga Wakilinmu

Da zarar an kawar da amfanin gona, gero da dawa sun shiga rumbu, an kuma kai gyaɗa da wake kasuwa, to a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Shanono, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin wasanni ya kama ke nan. A irin wannan lokaci ne tun kaka da kakanni akan ji kalangu ya tashi da la'asar, samari majiya ƙarfi su ɗaure hannu da zare su fito fage, 'yan kallo su yi da'ira, a yi ta gwabzawa har rana ta faɗi. Ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya koya wa mutumin Faruruwa ko na Alajawa yadda ake kai naushi, ko yadda ake ɗauke ƙafar abokin karawa da shuri.

Saboda haka in aka gaya wa irin wannan mutum cewa akwai ƙasashen da jama'a ke biyan kuɗi don a koya musu naushi da shuri, amma a tsaye cikin ruwa iya ƙirji, kuma babu abokin karawa, mai yiwuwa ne ya kwashe da dariya ya ce abin nema ya samu. Amma kuwa haka abin yake. A Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, har ma da wasu manyan biranen Afirka, wannan hanya ta motsa jiki ta zauna da gindinta a wuraren ninƙaya, kuma yawancin masu yinta ba 'yan wasa ba ne. Dattawa ne maza da mata, da masu ƙiba, da masu ciwon gwiwa, da ma'aikatan ofis waɗanda zaman kujera ya sa jikinsu ya yi nauyi.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ya sa maganar ta shafe mu. Ma'aikacin gwamnati a yau yakan fita daga gida ya hau babur ko mota, ya zauna bayan tebur tun safe har bayan azahar, ya koma gida ya ci tuwo ya kishingiɗa. Mahaifinsa da ya yi rayuwarsa da fartanya a kafaɗa bai san wannan irin zama ba, bai kuma san hawan jini da ciwon sukari yadda muka san su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, yara 'yan makaranta kuwa minti 60 a kowace rana. To, amma mutumin da ya haura shekara hamsin, ga teɓa ga gwiwa tana ciwo, in likita ya ce masa ya riƙa gudu, ai ya haɗa shi da aiki.

ASALIN WASAN

Damben naushi da shuri na zamani, wanda akan yi a cikin zobe da safar hannu, a ƙasar Japan aka tsara shi cikin shekarun 1960, bayan da masu shirya wasanni na can suka ga irin damben gargajiya na mutanen Tailan, watau Muwai Tai, inda ake amfani da hannu da ƙafa da gwiwa da gwiwar hannu, suka gauraya shi da karati nasu. Daga nan ya ƙetara Amurka cikin shekarun 1970. Duk wanda ya taɓa kallonsa a talabijin, ya kuma taɓa zuwa gidan dambe na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, zai ga dangantaka. Bambancin dai shi ne ɗan damben Hausa hannu ɗaya yake ɗaurewa ya yi duka da shi, ɗayan kuma ya miƙe shi gaba yana kare kansa yana auna tazara, sa'an nan in an yi turmi uku babu kisa sai a raba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Billy Blanks ya yi suna ƙwarai da kasakasan bidiyo na wani salon motsa jiki da ya kira Tae Bo. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki motsin 'yan dambe, ya cire dukan mutum, ya sa kiɗa, sai ga mutane cikin ɗakunansu suna naushin iska suna zuba gumi. Masu koyar da motsa jiki cikin ruwa, waɗanda dama sun daɗe suna aiki da tsofaffi da masu jinyar ƙashi, su ma suka ɗauki wannan salo suka kai shi kwamin ninƙaya.

Akwai wani labari mai ban dariya da ya kamata a ba mai karatu a nan. A shekarar 1961, sa'ad da shahararren ɗan damben duniya Muhammad Ali yake saurayi ɗan shekara 19, yana amsa sunan Cassius Clay, ya haɗu da wani mai ɗaukar hoto da ake kira Flip Schulke a birnin Mayami. Da ya gane cewa mutumin gwani ne wajen ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, sai ya ce masa ai shi a cikin ruwa yake atisaye, shi ne ma asirin saurin hannunsa. Aka shiga kwamin wani otal aka ɗauki hotuna, mujallar Life ta buga su a watan Satumba na wannan shekara, duniya ta ɗauka. Sai daga baya aka gane ashe yaron ko iyo bai iya ba a lokacin, dabara ce kawai ya yi don ya shiga mujalla. Ƙarya ce ya shirga, amma dalilin da ya kafa a kanta gaskiya ne, kamar yadda za mu gani.

ABIN DA RUWA KE YI WA JIKI

Ruwa ya fi iska kauri kamar sau 800. Wanda ya taɓa ƙetare rafi da damina ya san haka ko ba a faɗa masa ba, domin taku goma a cikin ruwa iya cinya ya fi taku ɗari a kan tudu gajiyarwa. Idan mutum ya kai naushi a iska babu abin da ke tare hannunsa. A cikin ruwa kuwa tun daga farkon motsin har ƙarshensa hannun ture ruwa yake yi, in kuma zai janye shi ya dawo, sai ya sake turewa. Watau naman jiki na gaba da na baya duk suna aiki a motsi guda. Wani abin lura kuma, 'yan makaranta masu karatun kimiyya za su tuna, shi ne ƙarfin da ruwa ke tare abu da shi yana ƙaruwa ne fiye da yadda sauri ke ƙaruwa: in ka ninka saurin hannunka sau 2, turjiyar ruwan takan ninka kamar sau 4. Ma'anar wannan ita ce kowa shi ke yanka wa kansa nauyin aikinsa. Tsoho ya tafi a hankali ruwa ya bi shi a hankali, saurayi ya zabura ruwa ya tare shi da ƙarfi, alhali suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne babba, ruwa yana ɗauke wa mutum nauyinsa. Wanda ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu, kimanin rabin nauyinsa ne kaɗai ke kan ƙafafunsa. In ruwan ya kai ƙirji, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. In ya kai wuya, kamar kashi ɗaya cikin goma. A ɗauki misalin magatakarda mai nauyin kilo 90 wanda hawa matakalar sakatariya ke gagararsa. In ya shiga ruwa iya ƙirji, gwiwoyinsa kamar kilo 30 kawai suke ɗauke da shi, sai ka ga ya ɗaga ƙafa ya kai shuri, har ya yi ɗan tsalle, abin da rabonsa da yi tun yana makarantar sakandare. Wannan ne dalilin da ya sa masu aikin gashin ƙashi a ko'ina cikin duniya suke ƙaunar ruwa wajen jinyar waɗanda suka karye, ko aka yi musu aiki a gwiwa ko ƙugu, ko masu fama da amosanin gaɓɓai.

Har wa yau ruwa yana matse jiki ta kowane gefe, kuma matsin ya fi ƙarfi can ƙasa wajen sawu, saboda haka yana taimaka wa jini ya komo daga ƙafafu zuwa zuciya. Shi ya sa bugun zuciyar mai motsa jiki cikin ruwa yakan yi ƙasa kaɗan da na wanda ke yin irin wannan aiki a tudu, kuma masu kumburin ƙafa sukan ji sauƙi. Ga shi kuma ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake gudanar da darasin ba shi da wuya. Akan ɗauki kamar minti 45. Masu koyo su jeru cikin ruwan da bai wuce ƙirji ba, malami kuwa yakan tsaya a bakin kwami inda kowa zai ga ƙafafunsa. Akan fara da tafiya cikin ruwa gaba da baya na 'yan mintoci don jiki ya saki. Daga nan sai a gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a dinga kai naushi miƙe da hannun gaba, a bi da na baya, sa'an nan naushin gefe mai zagayowa, da wanda ke tasowa daga ƙasa kamar za a ɗauke haɓa. Duk wannan a ƙarƙashin ruwa ake yinsa, domin hannun da ya fito sama aikin banza yake yi, sai fantsama ruwa a idon maƙwabci. Bayan hannu sai ƙafa: shuri gaba, shuri gefe, harbi baya irin na jaki, da ɗaga gwiwa zuwa ciki. Akan yi minti ɗaya ko biyu da ƙarfi, a sassauta, a sake. Wasu sukan sa wata irin safar hannu mai fata tsakanin yatsu kamar ƙafar agwagwa, don ta ƙara kama ruwa. A ƙarshe sai a yi miƙa a fito.

Masu koyarwa suna jan kunne a kan abubuwa kaɗan. Kada a miƙe gwiwar hannu ko ta ƙafa har ta ƙame a ƙarshen duka. A riƙa sauke diddige ƙasa, domin ruwa yakan sa mutum ya yi ta tsayuwa a kan yatsu har sha-raɓa ta ɗaure. A kuma ajiye ruwan sha kusa, gama mutum yana gumi a cikin ruwa bai sani ba. Mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, da mai buɗaɗɗen rauni ko gyambo, bai kamata su shiga ba sai da yardar likita, domin matsin nan da ya zama alheri ga mai lafiya yana iya zama nauyi ga zuciyar da ta raunana. Ruwa mai sanyi ƙwarai, irin na tsakiyar hunturu, shi ma yana tayar da hawan jini. Akan so ɗuminsa ya kasance wajen digiri 28 zuwa 30.

Kada kuma wani saurayi ya ɗauka in ya yi wata uku yana naushin ruwa zai je ya tari wani shago daga ɓangaren Kudu ko Arewa ko Jamus ko Guramada. Ruwa ba ya ramawa, ba ya kaucewa, ba ya koya wa mutum jure duka. Bugu da ƙari, tun da yana ɗauke nauyi, ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya ko noma ke yi. Inda zai amfani ɗan dambe na gaske shi ne lokacin jinya. Mun sha ganin gwanaye waɗanda targaɗe ko gocewar kafaɗa ta zaunar da su wata da watanni, jiki ya mutu, numfashi ya ragu, da suka komo fage sai yaran jiya suka yi ta kashe su. Irin waɗannan da za su sami ruwa mai kyau su ci gaba da motsi ba tare da sun ɗora wa raunin nauyi ba, da ba su yi asarar ƙarfinsu haka ba.

RUWAN DA MUKE DA SHI

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan sharaɗi guda, watau ruwan ya kasance na kwamin siminti, mai daɓen da yake a miƙe, wanda aka san zurfinsa, aka tace shi, aka zuba masa sinadarin kulorin. Irin wannan ko a birnin Kano sai a manyan otal-otal da kulob-kulob da gidajen masu hannu da shuni. Shanono kuwa, can arewa maso yamma a kan iyaka da Jihar Katsina, ƙasar noma ce mai yawan jama'a, gona na bin gona, kuma ruwan da yaro zai iya shiga a nan shi ne kududdufin bayan gari, da rafin da ke kawowa da damina ya ƙafe da rani, sai kuma madatsar ruwa ta Watari da ke maƙwabciyarta Bagwai. An gama gina Watari a shekarar 1980, tana cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta yi ta ginawa tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda a lokacinsa aka yi Bagauda da Tiga. Ta kawo noman rani da kamun kifi, ba mai musun alherinta. Amma ba don wanka aka yi ta ba.

Abin tsoron shi ne yanzu kusan kowane saurayi yana da wayar hannu, kuma hotunan wannan damben ruwa suna yawo a intanet. Ba abin mamaki ba ne 'yan makaranta su gani su ce bari mu je kududdufi mu gwada. Kududdufi kuwa ramin da aka haƙi ƙasar gini ne. Wani wuri iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa, ga fasassun kwalabe da gwangwani. Wasan da aka gina shi a kan tsayuwa da ƙafa ɗaya ana shuri da ɗayar, ba a yinsa a inda ba a ga ƙasa ba. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin ruwa. Ran 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2021 wani jirgin kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare Watari zuwa garin Bagwai, cike da fasinjoji, yawancinsu ɗaliban makarantar Islamiyya masu zuwa taron Mauludi, ya kife a tsakiyar ruwa. Aƙalla mutum 29 aka tabbatar da rasuwarsu a kwanakin farko, mafi yawansu yara. An ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima, kuma gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: cikin yaran da ke zaune a gaɓar wannan ruwa, waɗanda ke ƙetare shi zuwa kasuwa da makaranta, nawa ne aka taɓa koya wa yadda za su riƙe kansu a saman ruwa ko da na minti biyu ne kafin taimako ya iso? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a wannan shekara ce ta ware ran 25 ga watan Yuli don faɗakarwa a kan wannan bala'i.

Haɗari na biyu ba ya zuwa da kururuwa, shi ne tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu a duniya. Yadda take yaɗuwa shi ne, mai ɗauke da ita ya yi fitsari a cikin ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi da ke zaune cikin ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'yan tsutsa, waɗanda ido ba ya gani, su fito suna yawo. Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci, su bi jini su girma, su je su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai. Sun fi fitowa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka abin ya yi yawa har akan ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, ba a kai shi asibiti. Alhali kuwa tana shan jinin yaro, ta hana shi girma, ta dushe masa ƙwaƙwalwa a aji, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda, wani lokaci har ta kai ga ciwon daji. Ga mata kuma takan taɓa mahaifa. Akwai magani mai suna praziquantel wanda akan raba a makarantu kyauta, a auna tsawon yaro a jikin sanda a ba shi ƙwayoyin da suka dace da shi, kuma yana aiki. Sai dai ba ya hana a sake kamuwa. Yaron da ya sha magani yau ya koma kududdufi jibi ya koma gidan jiya. Ruwan da ke kwance, irin na madatsa da magudanan noman rani, shi ne gidan wannan dodon-koɗi. Mutum ya tsaya minti 45 a ciki iya ƙirji da sunan neman lafiya, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

LISSAFIN KWAMI

To, mene ne zai ci a gina wurin da ya dace? Bari mu yi lissafi irin na ɗan firamare. Kwami mai tsawon mita 12, faɗin mita 6, zurfin mita 1.2, wanda zai ɗauki mutum goma sha biyar zuwa ashirin a tsaye, yana cin lita 86,400 na ruwa. In da jarkar 'yan garuwa mai lita 25 za a cika shi, jarka 3,456 ke nan. Adadin yana da ban tsoro, amma ba kullum ake zubar da ruwan a sake ba. Injin tacewa ne ke juya shi, a riƙa ƙara abin da rana ta shanye, a riƙa auna kulorin. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana tana iya wannan. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da dodon-koɗi, kuma ko na madatsa ne aka ɗebo, masana sun tabbatar cewa in aka ajiye shi a tanki kwana biyu 'ya'yan tsutsar sukan mutu da kansu. Wahalar ba ta gini ba ce, ta kulawa ce. Mun ga gine-ginen gwamnati da yawa da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan damina biyu suka zama gidan kwaɗi. Kwamin da aka bari babu kulorin babu mai gadi ya fi kududdufi haɗari, domin shi an amince da shi.

Wani zai ce, garin da mata ke bin layin famfo da rani, ina shi ina kwamin wanka? Maganarsa tana kan hanya, kuma in zaɓi ne tsakanin biyun, ruwan sha ne gaba, babu gardama. Abin da nake gani shi ne ba a matsayin wurin shaƙatawa ya kamata a kawo maganar gaban majalisar ƙaramar hukuma ba. A matsayin aji ya kamata a kawo ta. Kwami ɗaya a harabar babbar makarantar sakandare, mai katanga da ƙofa, wanda burtsatsensa zai ba unguwa ruwan sha, da safe a koya wa yara iyo aji-aji, da yamma ma'aikata da dattawa da 'yan wasa masu jinya su shiga su motsa jiki su biya ɗan abin da za a sayi sinadari. Iya ruwa, in ji masu iya magana, fid da kai. Damben ruwan shi ne zai jawo manya masu biya, kuma da yake ba a wuce ƙirji, wanda bai iya iyo ba ma yana iya shiga.

Akwai ƙasar da ta gwada abu mai kama da wannan ba tare da dukiya mai yawa ba. A Bangaladash, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, an fara wani shiri mai suna SwimSafe a tsakiyar shekarun 2000, inda ake horar da matasan ƙauye su koya wa yara ninƙayar mita 25, da tsayuwa a saman ruwa, da yadda ake ceton wani daga tudu da sanda ko igiya ba tare da an faɗa an bi shi ba. Su a cikin tafkunan ƙauye suke kafa shinge da dandamali na gora. Wannan ɓangare ba zai yi mana ba saboda tsargiya, amma a birane sun yi amfani da kwami na tafi-da-gidanka, wanda ake haɗawa a cika a kwance, kuma shi ya fi ginin siminti araha. Masu koyarwa ma ba sai an je nesa ba. Masunta da ke kamun kifi a Watari sun san ruwa kamar yadda Kabawa suka san shi a Argungu, abin da ya rage a ba su horon koyarwa da taimakon gaggawa.

Dole ne kuma tun daga farko a tsara abin bisa al'adarmu, in ba haka ba ba zai karɓu ba. Ranar mata daban, ta maza daban, mace ce za ta koyar da mata, katanga ta yi tsawo, tufafi su rufe jiki. Mata ne ma suka fi bukata, domin matar aure a gidan kulle ba ta da filin ƙwallo, ba ta da fagen kokawa, ga ciwon baya da na gwiwa bayan haihuwa da yawa, kuma in jirgi ya kife ita da goyonta ne suka fi shiga haɗari.

Kafin a kai ga wannan, ma'aikaci ko ɗalibin da abin ya ba shi sha'awa yana iya yin rabin aikin a tsakar gidansa. Duk motsin da aka lissafa ana yinsu a tudu, sai dai a rage tsalle, a rage tsawon shuri, mai ciwon gwiwa kuma ya dafa bango ko kujera. Minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 ɗin da aka ambata. Wanda aiki ya kai shi birni ya sami kwamin otal, ya duba ko yana hango daɓen ƙasa sarai daga sama, ya tambayi zurfin kowane gefe, ya kuma tabbata akwai mai ceto a wurin kafin ya tuɓe takalmi. Iyayen da suka ga jini a fitsarin yaro kuwa, su kai shi asibitin Shanono ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna shi, su kuma gaya wa shugaban makarantarsu, domin in ɗaya ya kamu, da wuya a ce abokan wankansa sun tsira.